Yadda ake ziyartar gidan nunin zane-zane a Kumasi

Mutum yana iya shafe shekaru a unguwar Aboabo ko Asawase ko Sawaba, yana ratsa kasuwar Kejetia safe da yamma wajen neman abinci, amma bai taɓa sa ƙafa a Cibiyar Al'adu da ke kan hanyar Bantama ba, alhali baƙi suna biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Jamus domin su zo su ga abin da ke cikinta. Idan ka tambayi mutanen zango dalili, za ka ji amsa iri biyu ko uku: wasu suna ganin wurin na Turawa ne da 'yan boko, wasu suna ganin harkar Tonawa ce, wato mutanen Asante, da ba ta shafe mu ba, wasu kuma kunya ce take hana su, domin ba su san abin da ake yi ba idan an shiga. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi sauƙin magani. Kallon aikin zane abu ne da ake koya, yana da tsari da ladabi, kuma wanda ya bi shi a tsanake zai tarar cewa a cikin ɗakunan nan akwai tarihin kakanninsa da suka zo fataucin goro, akwai kuma kasuwar da yake zama a cikinta kullum, an ɗora ta a bango.

Mataki na farko: ka zaɓi wuri guda

Kumasi tana da wurare uku da suka fi dacewa da mai farawa, kuma kowanne da irin abin da yake nunawa. Na farko shi ne Cibiyar Al'adu ta Ƙasa, wadda Dakta Alex Kyerematen ya jagoranci kafa ta tun daga 1951. Fili ne babba mai itatuwa, a cikinsa akwai ɗakin nunin zane-zane, da rumfunan masaƙa da masassaƙa da maƙeran tagulla da magina tukwane, da ɗakin karatu, da dandalin wasanni, sannan da ƙaramin gidan tarihi mai sunan Prempeh na Biyu. Na biyu shi ne gidan tarihi na fadar Manhyia, wanda ya fi karkata ga kayan sarauta da aikin zinariya. Na uku shi ne sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa yake kira Tek, inda ake ganin sabon aiki na matasa. Makarantar zanen nan daga Achimota aka dawo da ita Kumasi a 1952, kuma da yawa daga cikin manyan masu zanen Ghana a can suka yi karatu ko suka koyar.

Shawarata ga wanda bai taɓa zuwa ba ita ce ya fara da Cibiyar Al'adu, domin a nan ne zai ga aikin da aka gama a rataye, ya fito waje ya ga hannun da yake yin irinsa. Kada ka yi ƙoƙarin haɗa wurare ukun a yini ɗaya. Ido yana gajiya kamar yadda ƙafa take gajiya, kuma bayan awa biyu na kallo duk abin da aka nuna maka zai zama iri ɗaya a wurinka.

Ka kuma san cewa nuni iri biyu ne. Akwai kayan da suke zaune a gidan dindindin, waɗanda ko yaushe ka je za ka same su. Akwai kuma nuni na ɗan lokaci, wanda ake shirya wa mai zane guda ko ƙungiya, ya yi 'yan makonni a kwashe. Irin wannan na biyun shi ne yake wuce mutane ba su sani ba, saboda haka yana da kyau ka bincika tun kafin ka fita daga gida.

Mataki na biyu: ka tsayar da rana, ka yi guzuri

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da ake nunawa ita ce shafukan gidajen a Facebook da Instagram, da takardun talla da ake mannawa a ƙofar cibiyar da allunan sanarwa na jami'a. Ɗaliban zane na Tek sukan nuna aikinsu na kammala karatu a ƙarshen shekarar karatu, kuma ƙungiyar blaxTARLINES, wadda ta tsiro daga sashen zane da sassaƙa na jami'ar, ta saba kai nuninta wuraren da ba a zata ba. Daga 2015 zuwa 2017 ta shirya manyan nune-nune uku a jere a ginin Gidan Tarihin Kimiyya da Fasaha da ke Accra, kuma ɗalibanta sun sha nuna aiki a kasuwa da tashar mota da tsohon filin jirgin ƙasa. Idan ka ji labarin ranar buɗe wani nuni, ka yi ƙoƙari ka halarta, domin galibi a ranar ba a karɓar kuɗin shiga, kuma mai zanen da kansa yana wurin yana amsa tambayoyi.

Tsakiyar mako da safe ya fi dacewa da wanda yake son natsuwa. Idan ka shiga da misalin ƙarfe tara ko goma, za ka gama kafin azahar, ka yi sallarka a kan lokaci ba tare da ka katse kallo ba. Ranar Juma'a tana da gajeren safiya ga mai zuwa masallaci, ranar Asabar kuma jana'izar Tonawa takan cika hanyoyi. Idan Manhyia ka nufa, ka lura da Akwasidae, bikin da ake yi ranar Lahadi bayan kowane mako shida, lokacin da Asantehene, sarkin Tonawa, yake zaman fada. Rana ce mai kyau ga mai son ganin laima da tambura da kayan ado a jikin masu su, amma ba ranar tsayawa a natse gaban akwatin gilashi ba ce. Da damina kuma, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ruwan Kumasi yakan sauko ba sallama, kuma yawancin rumfunan masu sana'a a sarari suke.

Ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa, ɗalibi kuma ya riƙe katin makaranta, saboda kuɗin shiga gidajen tarihi ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, da kuma tsakanin babba da yaro. Ka tanadi canjin sidi a aljihu ko da kana da kuɗi a waya, domin ba kowane mai rumfa ne yake son a tura masa ba. Ƙaramin littafi da biro sun fi waya amfani a ciki, kuma za ka ga dalili nan gaba. Takalmi mai sauƙi, ruwan sha, da jaka ƙarama sun isa.

Hanya ba ta da wuya. Daga Alabar zuwa Manhyia tafiyar ƙafa ce. Mai zuwa Cibiyar Al'adu zai bi ta Kejetia ya haura ta gefen gidan namun daji, ya doshi asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Mai zuwa jami'a zai shiga turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, mai bin hanyar Accra ya sauka a mahaɗar Tek, wadda mutanen zangon Ayigya suke maƙwabtaka da ita.

Mataki na uku: ka warware batun sura da mutum-mutumi tun a gida

Wannan magana ba ta kamata a tsallake ta ba, domin ita ce take tsayar da mutane da yawa a bakin ƙofa. A gidajen nan akwai hotunan mutane, akwai sassaƙe-sassaƙe, a Manhyia ma akwai mutum-mutumin sarakunan da suka shuɗe, girman mutum sosai, an zaunar da su cikin tufafinsu. Malamai suna da bayani mai tsawo a kan yin sura da ajiye ta, kuma sun rarrabe tsakanin mai inuwa da marar inuwa, da tsakanin abin da ake girmamawa da abin da ake dubawa don ilimi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya tafi, ya kuma sani cewa ko da ya zaɓi ya kauce wa surar mai rai, abin kallo bai ƙare masa ba: saƙar kente, da tambarin adinkra da ake bugawa a yadi, da aikin tagulla da na fata, da zanen da babu komai a cikinsa sai launi da tsari, duk suna nan da yawa. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya shiga gidan mutane ya riƙa tofa albarkacin bakinsa a kan abin da suke darajantawa.

Mataki na huɗu: shiga da ladabi

Ka fara da gaisuwa a teburin karɓar baƙi. Kalmar maakye, wato ina kwana, da safe da medaase, wato na gode, a ƙarshe suna buɗe fuskar ma'aikaci, kuma yawancinmu mun iya Tonanci daidai gwargwado. Ka karɓi rasiti idan ka biya, ka miƙa kuɗi da hannun dama, sannan ka yi tambaya uku kafin ka wuce: ko an yarda a ɗauki hoto, ko akwai ɗan jagora, da kuma inda ake ajiye jaka. A gidajen kayan sarauta akan hana hoto a ciki, a ɗakin zane kuma sau da yawa ana yarda amma ba tare da walƙiyar kyamara ba, domin haske mai ƙarfi yana kashe launi a hankali.

Doka mafi girma ita ce kada ka taɓa. Yatsa yana ɗauke da gumi da maiƙo ko da an wanke shi, kuma abin da yatsa ɗaya bai ɓata ba, yatsu dubu za su ɓata. Kada ka jingina da bango ko da akwatin gilashi, kada ka shiga da abinci, ka kuma sa wayarka ta yi shiru. Idan da yara ka je, ka gaya musu tun a hanya cewa hannu a baya ake riƙewa, ka kuma ba kowannensu aiki, misali ya nemo maka zanen da ya fi yawan mutane ko wanda ya fi ja. Yaron da aka ba aiki ba ya guje-guje.

Mataki na biyar: kallon kansa

A nan ne yawancin masu ziyara suke asarar kuɗinsu. Sukan bi bango daga farko zuwa ƙarshe, suna ba kowane zane daƙiƙa biyar, su ɗauki hoto, su fita ba su ga komai ba. Ga tsarin da ya fi amfani.

Da farko ka zagaya ɗakin gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da ka karanta komai ba, kana barin idonka ya sauka inda ya ga dama. A wannan zagayen za ka ji wasu ayyuka suna tsayar da kai, ko don sun burge ka, ko don sun ba ka haushi, ko don ka kasa gane su. Ka zaɓi uku daga cikinsu, kuma ka tabbata ɗaya daga cikin ukun wanda ka kasa ganewa ne. Sauran lokacinka na waɗannan ukun ne.

Ka koma gaban na farko ka tsaya nesa da shi kamar taku huɗu ko biyar. Ka lura da inda idonka ya fara sauka, da hanyar da ya bi daga nan, da inda haske yake fitowa, da launin da ya rinjayi sauran. Sannan ka matsa kusa, har ka ga sawun buroshi, ka duba ko fentin yana da kauri ko an shafa shi siriri, ko ana ganin saƙar yadin da ke ƙarƙashi. Sannan ka sake ja da baya. Wannan kai da komo ba ɓata lokaci ba ne, domin akwai ayyukan da ba sa bayyana sai da shi. Misali mafi kyau shi ne aikin Farfesa Ablade Glover, wanda aka haifa a 1934, ya kuma daɗe yana koyarwa a Tek. Da 'yar wuƙar shafa fenti yake aiki maimakon buroshi, yana ɗora launi da kauri, guntu a kan guntu. Idan ka tsaya dab da zanensa ba za ka ga komai ba sai dunƙulen ja da rawaya da fari, wasu sun taso har suna da inuwa. Ka ja baya taku biyu, sai dunƙulen su fara zama kawuna da ɗankwali da tire. Ka ƙara ja, sai ka ga kasuwa ce cike maƙil ko tashar mota, da rufin kwano jere har ƙarshen gani. Duk wanda ya taɓa leƙa Kejetia daga saman bene ya san wannan gani. Ato Delaquis, wanda shi ma malamin jami'ar ne, ya zana kasuwannin Kumasi da tashoshinta ta wata hanya dabam, yana bin motoci da rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Idan ka sami damar ganin aikin mutanen nan biyu, ko a bango ko a littafin nuni, ka gwada su da juna, za ka fahimci cewa kasuwa ɗaya tana iya fitowa da fuska biyu gwargwadon idon da ya kalle ta.

Sai bayan ka gama wannan ne za ka karanta 'yar takardar da ke gefen aikin. Yawanci tana ɗauke da sunan mai zanen, da sunan aikin, da shekarar da aka yi shi, da kayan da aka yi amfani da su, da girmansa. Dalilin jinkirta karatun shi ne idan ka fara da suna, sunan zai gaya wa idonka abin da zai gani. Kayan aikin kuwa suna da muhimmanci ga mai son fahimta: fentin mai yana jinkirin bushewa, yana ba da zurfin launi, fentin akirilik da ruwa ake dama shi, yana bushewa da sauri, shi ya sa matasa da yawa suka fi amfani da shi, fentin ruwa a kan takarda ake yinsa, kuma ba ya yafe kuskure, gawayi da fensir kuma su ne suke tona asirin hannun mai zane, domin babu launin da zai ɓuya a bayansa.

Daga nan ka fito da littafinka ka rubuta layi biyu ko uku: abin da ka gani, abin da ya tuna maka, da tambayar da ta rage maka. Hoton waya yakan nutse cikin dubban hotuna, amma abin da ka rubuta da hannunka yana tilasta maka ka sake dubawa domin ka sami kalmar da ta dace.

Aikin da ka kasa ganewa shi ne ya fi buƙatar haƙuri. A nunin matasan Tek za ka iya shiga ɗaki ka tarar da tsofaffin buhuna, ko robobi, ko ƙarafan unguwar makanikai ta Suame, ko bidiyo yana ta maimaita kansa, ka ce a ranka wannan ai tarkace ne. Kafin ka yanke hukunci, ka tambayi kanka daga ina kayan suka fito, hannun wa suka bi, kuma me ya sa aka tara su haka. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987 ya kuma yi karatu a Tek, da buhun algarara ya yi suna. Buhunan nan daga Indiya da Bangaladash ake shigo da su domin koko, daga baya su koma hannun 'yan masara da shinkafa, su ƙare a wurin masu gawayi, kowane mai su yana barin tambarinsa ko sunansa a jiki. Yakan sa a ɗinke ɗaruruwansu a lulluɓe gini da su, kamar yadda ya yi a babban nunin Benis na ƙasar Italiya a 2015, da kuma Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Accra a 2016. Baƙo daga Turai yana buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane abin da buhun yake faɗa. Ɗan zango da ya tashi yana ganin 'yan dako da 'yan mata masu ɗaukar kaya daga arewa ba ya buƙatar wannan bayanin, domin ya san nauyin buhun, ya san wuyan da yake ɗaukarsa, ya san kuma nawa ake biya. Haka El Anatsui, wanda shi ma a Kumasi ya yi karatu kafin ya koma koyarwa a Nsukka ta Najeriya a 1975, yake ɗinke dubban marafan kwalba da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi mai walƙiya. A irin wannan aiki, ilimin da ka taho da shi daga kasuwa jari ne a hannunka.

Mataki na shida: kayan tarihi, da rabonmu a cikinsu

Idan ka shiga gidan tarihin Prempeh na Biyu, ko ka ware wata rana domin Manhyia, ka bi ɗan jagora, amma ka riƙe idonka a kan wasu abubuwa na musamman. Na farko shi ne rigar yaƙi, batakari, wadda aka lulluɓe da layu. Ka matsa kusa da gilashin ka duba yadda aka ɗinke kowace laya a cikin fata ko ƙyalle ko ƙarfe, wasu masu kusurwa huɗu, wasu masu uku, an jera su har yadin rigar ya ɓace. Rigar daga arewa ta zo, rubutun da ke cikin layun kuma malaman Musulmi ne suka yi shi. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820, zamanin Asantehene Osei Bonsu, sun tarar da Musulmi a fada suna rubuta wasiƙu da Larabci suna kuma ba sarki shawara. Na biyu shi ne kuduo, tukwanen tagulla masu murfi, waɗanda adonsu ya samo asali daga tasoshin Masar da suka ƙetaro Sahara tare da fatake. Na uku kuma ƙananan ma'aunan zinariya, waɗanda na farkonsu suka bi awon miskali na 'yan kasuwar Musulmi kafin maƙeran Tonawa su mayar da su siffofin tsuntsaye da mutane masu ɗauke da karin magana.

Ginin gidan tarihin Manhyia kansa abin kallo ne. Turawan Ingila suka gina shi a 1925 domin Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896 suka kai shi gudun hijira har tsibirin Seshel, ya dawo a 1924. An mayar da shi gidan tarihi a 1995, zamanin Otumfuo Opoku Ware na Biyu. A 2024 wasu kayan zinariya da aka kwasa daga fadar suka dawo: guda 7 daga gidan tarihin Fowler da ke Amurka, waɗanda aka mayar ɗungurungum, da guda 32 daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan, waɗanda aro aka bayar na shekara uku da damar ƙarawa. Da yawa daga cikinsu a yaƙin 1874 aka kwashe su, lokacin da Janar Wolseley ya ƙone Kumasi. Abin takaici ne a ce mai kaya yana aron kayansa, kuma wannan ya isa dalilin da zai sa mutum ya tambaya ko suna nan, ya je ya gan su da wuri. Yaƙin nan ya shafe mu ta fuska biyu. A cikin rundunar Turawa akwai sojojin Hausawa da aka ɗauko daga Legas, kuma faɗuwar Kumasi ita ce ta girgiza cinikin goro na Salaga, wanda yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa, har fatake suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra suka kafa zanguna.

Mataki na bakwai: rumfunan masu sana'a

Bayan ɗakin nuni, ka ba rumfuna aƙalla rabin awa. Ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka tsaya a kan mutum yana aiki, ka kira dattijo Wofa ko Papa kamar yadda ake yi a garin, idan kuma ɗan'uwa ne daga zango ka ce masa Baba ko Malam. Wurin masaƙin kente za ka ga ƙoshiya tana kai da komo a kan saƙa siririya mai faɗin tafin hannu, wadda daga baya ake ɗinke ta gefe da gefe, tsari ɗaya da na masaƙanmu na ƙasar Hausa. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa kente cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Wurin maƙerin tagulla ka roƙe shi ya nuna maka matakan zubi: yana fara siffanta abin da kakin zuma, ya shafe shi da ruwan yumɓu da garin gawayi, ya ƙara yumɓu mai kauri, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan narkakkiyar tagulla ta cike gurbin. Dole a fasa yumɓun kafin a fito da aikin, shi ya sa ba a samun guda biyu masu kama da juna sak. Wanda abin ya ja hankalinsa yana iya bin kowace sana'a zuwa garinta: kente a Bonwire, adinkra a Ntonso, sassaƙa a Ahwiaa, tagulla a Krofofrom.

Tambayar da ta fi buɗe bakin mai sana'a ita ce wa ya koya masa, da kuma wane ɓangare na aikin ya fi wuya. Tambayar nawa ne kuwa a bar ta sai ƙarshe.

Mataki na takwas: idan za ka saya

Ba dole ba ne ka sayi komai, kuma babu wanda zai ga laifinka. Idan ka yi niyya, ka fara da ƙaramin aiki a kan takarda ko na ɗalibi, wanda aljihu zai iya ɗauka. Ka tambaya ko na asali ne ko bugu ne, domin akwai hotunan da ake bugawa da inji a kan yadi a ɗan shafa musu fenti. Idan ka karkata aikin ga haske, na asali zai nuna tudu da kwarin buroshi. Ka duba sa hannun mai zanen da shekara, ka juya baya ka ga ko katakon da aka ɗaure yadin a kai ya bushe kuma bai karkace ba. A rumfa ana ciniki kamar ko'ina, amma a ɗakin nuni farashi yakan zama a rubuce, kuma gidan yana da kasonsa a ciki, saboda haka ragin da za a yi maka kaɗan ne. Kada ka taya aikin mako uku da kuɗin yini ɗaya. Ka karɓi rasiti mai ɗauke da sunan mai zanen da sunan aikin, kuma idan tsohon abu ne da kake son fita da shi waje, ko da zuwa Lome ko Kano ne, sai ka nemi takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ghana.

Idan za a naɗe maka zanen yadi, a naɗe shi fentin yana waje, a kan bututu mai faɗi, domin naɗi ta ciki yana tsattsaga fenti. A gida ka rataye shi nesa da tagar da rana take bugawa, nesa da hayaƙin murhu, kuma ba a bangon da yake jiƙa da damina ba. Laimar Kumasi tana sa yadi da takarda su yi fumfuna, saboda haka ka bar ɗan sarari tsakanin aikin da bango don iska ta ratsa, ka riƙa kaɗe ƙurar hunturu da busasshen buroshi mai laushi, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.